Mutuwar Ƙananan Yara: Daga Tsibiran Teku Zuwa Fadamar Haɗejiya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai san wani mai suna Ajuji ba, ko Abarshi, ko wata Ayashe, ko Barmani. Yaran yanzu sukan ji sunayen nan su yi dariya, don ba su san abin da ke bayansu ba. Tsofaffi kuwa sun sani. Sunaye ne da ake laƙaba wa ɗan wabi, wato yaron da uwarsa ta sha haihuwa 'ya'yan suna komawa. Akan kai jariri kan juji a ajiye kamar ba a sonsa, sa'an nan wata ta ɗauko shi, wai ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Ba mu kawo wannan don mu yi wa iyayenmu ba'a ba. Macen da ta binne huɗu ko biyar, babu abin da ba za ta gwada ba. Mun kawo shi ne domin sunayen nan su ne ƙidayar farko da aka yi ta mutuwar yara a ƙasarmu, tun kafin ma'aikata su zo da biro da takarda.

Yau kam akwai lissafi, kuma lissafin yana ɗauke da labari biyu, mai daɗi da mai ɗaci. Bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 5, ko da yake jama'ar duniya ta ƙaru ƙwarai a tsakani. Wannan shi ne mai daɗin. Mai ɗacin kuwa, babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Jigawa, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 213 ba sa ganin shekararsu ta biyar. Sama da ɗaya cikin biyar ke nan. A Jihar Ogun, ƙasa ɗaya, gwamnatin tarayya ɗaya, adadin 30 ne kacal.

To, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu duba Malam Madori da ƙauyukan kwarin Kogin Haɗejiya, mu ga inda aka fito da inda aka tsaya. Za mu kuma gwada su da wasu ƙananan ƙasashe na tsibirai da ke can tsakiyar teku. Wani zai ce ina ruwan mutumin Garun Gabas ko Dunari da teku? Ku yi haƙuri, za mu zo wurin.

Abin da aka gani a Garki

Yawancin mutane ba su san cewa ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro da aka taɓa yi a duniya, a nan ƙasar Jigawa aka yi shi ba. Daga 1969 zuwa 1976, lokacin nan duk yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka zaunar da likitoci da masana sauro a gundumar Garki, yamma da Malam Madori. Sun bi ƙauyuka gida gida, suna rubuta wanda aka haifa da wanda ya rasu, suna ɗibar jini, suna kama sauro da dare suna ƙirgawa.

Abin da suka samu tun farko ya isa ya sa jikin mutum sanyi. Kusan jariri ɗaya cikin huɗu ba ya cika shekara guda. A ƙauyukan da abin ya fi tsanani, sauro mai ɗauke da ƙwayar cuta yakan ciji mutum ɗaya fiye da sau 100 a shekara, kuma kusan duk a cikin damina. Sai a 1972 da 1973 aka yi feshin magani a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da rabon ƙwayoyi ga kowa da kowa a kai a kai. Nan da nan mutuwar jarirai ta faɗi warwas a ƙauyukan da aka ba magani, ta yi ƙasa ƙwarai da ta maƙwabtansu da ba a ba su ba. Amma ba a iya kawar da cutar ba. Da aikin ya tsaya, sannu a hankali zazzaɓi ya koma gidansa na jiya.

Masana sun ɗauki wannan a matsayin shaida cewa feshi da ƙwaya kaɗai ba za su kashe maleriya a ƙasar Hausa ba, kuma gaskiyarsu. Mu kuwa abu biyu muka gani a ciki. Na farko, yaran nan ba ƙaddara ce ta musamman ta hau kansu ba, tunda da aka taɓa sauro da ƙwayar cuta sai suka rayu. Na biyu, rayuwar tasu ta rataya ne a kan aikin da ba ya yankewa. Ku riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da shi har a tsibiran teku.

Hawa da sauka

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 za su tuna zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992. Shi ne zamanin da rediyo ba ta da waƙa sai ta allurar rigakafi da ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari, a cikin ruwa kwalbar lemo biyu. Katin awon yara da uwa take ɓoyewa a ƙasan akwati ma yana da tarihi a ƙasar nan, domin Dokta David Morley ya gwada shi ne a Imesi-Ile ta ƙasar Yarabawa, lokacin da yake aiki da asibitin mishan na Ilesha a ƙarshen shekarun 1950, kafin duniya ta ara. A Garkida kuma, cikin shekarun 1970, aka fara shirin nan na Lafiya, inda ake koya wa mutanen ƙauye kiwon lafiya ta hanyar labari da waƙa, su koma su koya wa 'yan'uwansu.

An yi ƙoƙari, amma bai ɗore ba. Binciken 1990 ya ba Nijeriya kimanin 190 cikin 1,000. Maimakon a sauka, binciken 2003 sai ya nuna 201. Shekarun da ke tsakani su ne na tsadar rayuwa da rumbun magani wayam, da annobar sanƙarau ta 1996 wadda ta ci dubban rayuka a Arewa. Jihar Jigawa kanta a cikin wannan hali aka haife ta, ranar 27 ga Agusta 1991, da 'yan asibitoci ƙalilan da ma'aikatan da ba su taka kara sun karya ba. Daga baya aka soma sauka: 157 a 2008, sai 128 a 2013. A 2018 kuma aka ɗan koma 132.

A Jigawa an yi abubuwan da ya kamata a yaba. An kafa tsarin Gunduma don haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin kulawa ɗaya, aka kuma fito da shirin Haihuwa Lafiya don kai mata masu naƙuda asibiti. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 ya samu yara 7 ne kawai cikin 100 a jihar suka karɓi kashi na uku na allurar nan mai kare cututtuka biyar. A 2021 sun kai 49 cikin 100, mutuwar yara kuma ta sauko zuwa 174. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma gumin ma'aikatan da ke yawo a kan babur da akwatin ƙanƙara ne. Sai dai 49 cikin 100 yana nufin rabin yaran ba a kai gare su ba. Su wane ne wannan rabin, kuma ina suke zaune?

Ƙasashen da ruwa ya kewaye

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da wani rukuni na musamman na ƙananan ƙasashen tsibirai masu tasowa, waɗanda suka yi babban taronsu na farko a Barbados a 1994. Matsalarsu ɗaya ce: jama'a kaɗan, a warwatse, komai sai an yi dakonsa a jirgin ruwa, likita ɗaya kuma ba zai iya kasancewa a tsibiri goma ba. A hankalce, su ya kamata su fi kowa binne yara. Ga abin da ya faru.

Ƙasar Maldibs, a Tekun Indiya, tsibirai ne fiye da 1,000, mutane suna zaune a kan kusan 200 daga ciki. A wajejen 1970, fiye da yara 200 cikin 1,000 suke mutuwa kafin shekara biyar, wato kamar Jigawa ta 2018 ko fiye. A 1990 sun sauko ƙasa da 100. A 'yan shekarun nan ba su kai 10 ba. Abin da suka yi ba boyayye ba ne. Sun sa ma'aikacin lafiya a kowane tsibirin da mutane suke, sun sa masu allurar rigakafi cikin jiragen ruwa suna zagayawa bisa ƙa'ida, sun sa 'ya'ya mata a makaranta har kusan kowace uwa tana iya karanta takardar magani. Tun 1984 ba a sake samun wanda ya kamu da maleriya a cikin ƙasar ba, a 2017 kuma aka tabbatar sun rabu da ƙyanda.

Za a ce ai Maldibs tana da kuɗin masu yawon buɗe ido. Haka ne. To, mu dawo kusa da gida. Sawo Tome da Firinsipe tsibirai biyu ne a kudu da gaɓar tekun Nijeriya, kusa ƙwarai har ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar haƙar mai ta haɗin gwiwa a 2001. Ƙasa ce matalauciya mai dogaro da koko da taimakon waje. Jama'arta duka sun ɗan haura 200,000, alhali Ƙaramar Hukumar Malam Madori kaɗai ta haura 160,000 tun a ƙidayar 2006. A 1990 suna rasa yara fiye da 100 cikin 1,000, maleriya ce kuma kan gaba wajen kisa. Daga wajen 2004 suka duƙufa da feshin ɗakuna da gidan sauro da sabon maganin zazzaɓi, shekara bayan shekara ba fashi. A 2022 adadin bai kai 20 ba. Abin da aka yi a Garki na damina biyu, su sun yi shi na shekara ashirin.

Kabo Berde, yamma da Senegal, ƙasa ce ta fari irin namu, inda yunwa ta kashe dubban mutane a shekarun 1940. Daga kimanin 60 a 1990 ta sauko ƙasa da 20, a Janairun 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar rabuwa da maleriya.

Kada a ɗauka duk tsibirai haka suke. Haiti ta fara da kimanin 145 a 1990, ta sauko, amma girgizar ƙasa da kwalara na 2010 da rikicin da ba ya ƙarewa sun riƙe ta sama da 50. A Papuwa Niyu Gini, inda asibitocin ikilisiyoyi suke ɗauke da kusan rabin aikin lafiya na karkara, duwatsu da dazuzzuka sun sa saukar tana tafiyar hawainiya. A Dominika ta yankin Karebiyan kuwa, adadin hawa ya yi, daga ƙasa da 20 a 1990 zuwa sama da 30 bayan shekara talatin. Ashe ba zama tsibiri ke kashe yara ba, ba shi kuma ke raya su ba. Bambancin yana wurin ko ƙaramin aikin nan, allura da gidan sauro da ungozoma mai horo, yana isa ga tsibiri na ƙarshe, kuma ko yana komawa baɗi.

Tsibiran damina

Yanzu mu dawo kan tambayar da muka ajiye. Garin Malam Madori kansa a kan tudu yake, jirgin ƙasa ne ya raya shi tun da layin Kano zuwa Nguru ya ratsa ta nan wajen 1930, ya zama tashar da gyaɗar ƙasar Haɗejiya take hawa. Yana kan titi, Haɗejiya kuma tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Amma da mutum ya gangara kudu da gabas zuwa fadama, ya nufi ƙauyukan Auyo da Kiri Kasamma da Guri da Kafin Hausa, labari ya sha bamban. Daga Agusta zuwa Oktoba, ƙauyuka da yawa a wannan kwari tsibirai ne, ba da misali muke magana ba. Hanya takan nutse, babur ba ya shiga, sai kwalekwale ko a tuɓe a ratsa ruwa iya ƙirji.

Ambaliya a nan ba baƙuwa ba ce, da ita ake noman shinkafa da kamun kifi tun kaka da kakanni. Abin da ya canja shi ne halin kogin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa yana gudana har da rani a inda da yake ƙafewa. Wannan ya ba ciyawar kacala dama ta mamaye magudanai ta toshe su, ruwa ya rasa hanya ya fantsama cikin gonaki da gidaje, ya kwanta. Kacala kuwa gidan sauro ce ta gaske, ba irin wanda ake ratayawa ba, ga dodon koɗin da ke kawo tsargiya, ga tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. An sha babbar ambaliya a 2001 da 2012 da 2018 da 2020, ta 2022 kuwa ta kori dubban iyalai zuwa makarantu da gefen titi.

Ku duba yadda abubuwa suke haɗuwa a kan yaro ɗan shekara biyu a watan Satumba. Lokacin ne sauro ya fi yawa. Lokacin ne ruwa yake shiga masai ya kwaso ƙazanta ya zuba a rijiya, gudawa ta tashi. Lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai gama shigowa ba, yaron da aka yaye yana fama da kunu tsararo har tamowa ta kama shi. Lokacin ne kuma uwa take gona. Zazzaɓin da ƙwayar kwana uku za ta kashe, idan ya kwana biyu ba magani yakan kai ga jijjiga da ƙarewar jini. Watannin da yaro ya fi bukatar asibiti su ne daidai watannin da asibiti ya fi yi masa nisa. A ganinmu, a nan ne babban kaso na wancan rabin da allura ba ta kai gare su ba yake zaune, tare da 'ya'yan makiyaya da na masunta masu bin ruwa.

Mutumin tsibiri ya san teku ba za ta janye ba, saboda haka ya shirya mata. Mu kuwa kowace shekara sai mu yi kamar ambaliya ta zo mana ba zato, a jira ruwa ya ci gari sa'an nan a kawo buhunan shinkafa da tabarmi ana ɗaukar hoto. Ba mu raina taimako ba. Amma da kuɗin da ake kashewa bayan ɓarna an sa kaɗan daga ciki a watan Yuni an ajiye magani da ma'aikaci a cikin ƙauyen, an tanadi kwalekwale mai inji, da ba a yi jana'iza da yawa ba.

Akwai shiri ɗaya da ya fahimci wannan. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel, daga wata 3 zuwa shekara 5, maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya kowane wata a cikin damina. An fara a Katsina a 2013, Jigawa ta biyo baya. Masu rabo suna bin gida gida daga Yuli zuwa Oktoba, su ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓi da kusan kashi uku cikin huɗu. Jikan aikin Garki ne, kuma rauninsa irin na kakansa ne: yawancin kuɗinsa daga waje yake zuwa. Yadda Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji a 2025 ya isa ya nuna mana cewa rijiyar wani ba abin dogara ba ce. Wani raunin kuma a cikin gida yake, wato uwar da za ta ajiye ƙwayar kwana na biyu da na uku wai sai ran da yaro ya yi zazzaɓi.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda muke cin kasuwar Maigatari tare, sun taɓa nuna abin da talaka zai iya. Sun gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, suka mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, mutuwar yara ta sauko daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009.

Idan aka saki jiki

Labarin Samowa, a Tekun Fasifik, ya kamata kowane uba ya ji shi. Ƙasa ce mai mutane kimanin 200,000 wadda ta daɗe da rage mutuwar yara. A Yulin 2018 jarirai biyu suka mutu bayan allurar ƙyanda, bincike kuma ya nuna ma'aikatan jinya ne suka yi kuskure suka dama maganin da wani abin da ba shi ba. Laifin ba na allurar ba ne, amma tsoro ya riga ya shiga, gwamnati ta dakatar da rigakafin na watanni, masu yaɗa jita-jita suka samu abin faɗi. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta sauka. Mutane fiye da 5,000 suka kamu, 83 suka mutu, mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Sai da gwamnati ta rufe ƙasar na kwana biyu, duk gidan da ke da wanda ba a yi wa allura ba ya rataya jan ƙyalle a ƙofa.

Mu ba sai an ba mu labari ba. Gwajin magani da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo a zukatan mutane, kuma da dalili. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano har zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a Agustan 2020 aka iya cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo, cutar da likitoci matasa da yawa ba su taɓa gani da ido ba, ta ɓarke a Kano ta shiga maƙwabta har da Jigawa, ta kashe ɗaruruwan yara, galibinsu waɗanda ba a yi musu allura ba. Kada mu Kirista mu ce wannan matsalar wasu ce. Mun ji masu cewa addu'a ta wadatar, mun kuma ga katin allura da aka fara aka watsar a gidajenmu. Addu'a ba ta hana a ɗaura gidan sauro.

Watan farko

Akwai wani ɓangare na lissafin da ya ƙi motsi. A 1990, jarirai kimanin 42 cikin 1,000 suke mutuwa a Nijeriya kafin su cika wata ɗaya. A 2018, bayan shekara 28, 39 ne. Allura da gidan sauro suna ceton yaron da ya fara rarrafe, amma ba sa taimakon jaririn da ya fito bai yi kuka ba, ko bakwaini, ko wanda cibiyarsa ta ruɓe. Ko a tsibiran da suka ci nasara, wannan ne ya fi wuyar saukowa, kuma bai sauko ba sai da kusan kowace mace ta koma haihuwa a hannun ma'aikaciya mai horo. A shiyyar Arewa maso Yamma, a 2018, haihuwa 16 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti.

A nan al'ada tana da nata kaso, kuma gara mu faɗa. Kunyar haihuwar fari da ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda, jiran maigida ya dawo kafin a fita, matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne alhali shi ne rigakafin farko, ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo, yi masa wanka nan take cikin sanyi, gasa cibiya da tsumma ko shafa mata toka, cire beli da aska ɗaya gida gida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi da mugunta, kakanni ne masu ƙauna suke yi. Shi ya sa wa'azin lafiya da aka yi wa amarya kaɗai ba ya zuwa ko'ina, sai uwar miji ta ji ta yarda.

Ikilisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne, ba mu da asibitoci kamar na Jos ko Garkida, ruwa kuma ba ya tambayar addinin gidan da zai shiga. Amma muna da abin da ƙananan tsibirai suke da shi: mun san juna da suna. Kowace majami'a tana da littafin da ake rubuta yaran da aka kawo miƙawa. Babu abin da zai hana sakatare ya ƙara layi biyu, na allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, shugabar Zumuntar Mata kuma ta riƙa duba katin kowane yaro sau ɗaya a wata bayan sujada. Babu abin da zai hana dattawa su zauna da mai unguwa da limamin gari tun watan Yuni, a san matan da za su haihu tsakanin Agusta da Oktoba, a san gidan da za su sauka a Malam Madori ko Haɗejiya kafin hanya ta yanke, a san mai kwalekwalen da za a tasa da tsakar dare da wanda zai biya shi. Ƙunshin gishirin gudawa da ƙwayar zinki ba sa bukatar firji, ana iya ajiye su a gidan mai bishara ko na malamin makaranta. Ƙunshi ɗaya ana dama shi ne a ruwa mai tsabta lita ɗaya, zinki kuma ana ba yaro kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya.